Gidajen wankan jama'a a Paris da kewayenta

Duk wanda ke son sanin yadda talakan Paris ya rayu a wani zamani, ya duba inda yake wanka. Gidajen wankan jama'a na wannan birni sun yi ta buɗewa suna rufewa fiye da shekaru 700, kuma kusan kullum dalilin ɗaya ne: wane ne ke da ruwa a ɗakinsa, wane ne ba shi da shi.

Rumawa ne suka fara. Kangon babban gidan wankan da suka gina a lokacin da birnin ke amsa sunan Lutetia yana nan tsaye a gidan tarihi na Cluny. Amma al'adar ta fi bunƙasa a ƙarni na 13. Kundin dokokin sana'o'i da Étienne Boileau ya tattara wajen shekarar 1268 ya ware babi ga masu gidajen wankan tururi: an hana su buɗewa ranar Lahadi, an hana masu shelarsu fita kafin gari ya waye, an kuma hana su karɓar kutare da mata masu zaman kansu. Doka ba ta hana abin da ba a yi, don haka ana iya gane cewa ba wanka kaɗai ke kai mutane can ba. Rajistar haraji ta 1292 ta nuna gidaje irin waɗannan sun haura 20.

A ƙarni na 16 aka juya musu baya. Annoba da ciwon tunjere sun firgita jama'a, likitocin lokacin kuma suka koyar da cewa ruwan zafi yana buɗe ƙofofin fata cuta ta shiga. Masu hali suka koma sauya farar riga da shafa turare a maimakon wanka, aka ɗauki kusan ƙarni biyu a haka. Sai a 1761 wani mai suna Poitevin ya buɗe gidan wanka a kan jirgin ruwa cikin kogin Seine, shi ma na masu kuɗi ne.

Cutar kwalara ta 1832, wadda ta kashe mutum kimanin 18,000 a Paris, mafi yawansu a unguwannin talakawa, ita ta sauya tunanin hukuma. Dokar 3 ga Fabrairu 1851 ta ware faran 600,000 don taimaka wa garuruwa su gina gidajen wanka da wuraren wanki masu rahusa. Aikin bai yi nisa ba, domin cika baho da ruwan zafi ga kowane mutum yana cin ruwa da gawayi da lokaci. Maganin ya fito daga inda ba a zata ba. A 1872 likitan gidan kaso na Bonne-Nouvelle a birnin Rouen, Merry Delabost, ya ƙirƙiro wankan yayyafi, inda ruwan ɗumi ke zubo wa mutum daga sama, ana wanke fursunoni da yawa a lokaci guda, cikin ƴan mintoci, da ruwa kaɗan. Daga kaso dabarar ta wuce barikin soja, daga nan ta isa unguwannin ma'aikata. Wannan asali bai bar ta ba: ƙaramin ɗaki, ƙidayayyen lokaci, mai gadi a bakin ƙofa. Tsabta ake nema, ba hira ko hutu irin na gidajen tururin da ba.

A farkon ƙarni na 20 ma'aikatar magajin gari ta shiga gina su da jan bulo, unguwa bayan unguwa. A Butte-aux-Cailles an buɗe gidan wanka a 1908 da ruwan wata rijiya mai zurfi da ke bulbulowa da ɗuminsa, sannan aka ƙara wurin iyo a 1924. A 1926 kuma aka buɗe Babban Masallacin Paris tare da hamam ɗinsa.

Buƙatar ta daɗe fiye da yadda ake tsammani. Ƙidayar 1954 ta nuna gida ɗaya cikin goma ne kawai ke da wurin wanka a duk faɗin Faransa. A gefen birni abin ya fi muni: ma'aikatan Aljeriya da ke zaune a bukkokin kwano na Nanterre, har farkon shekarun 1970, layi suke yi a famfo da jarkoki. Da aka gina manyan benaye masu banɗaki a kowane gida, garuruwan kewaye da yawa suka rufe gidajen wankansu. A cikin birni ma wasu sun sauya aiki: tsohon gidan wanka na Guerbois ya zama gidan rawa a 1978.

Paris ba ta rufe nata duka ba. A watan Maris na 2000 ta mai da shiga kyauta, kuma a shekarun 2020 tana riƙe da guda 17. Masu zuwa sun sauya: marasa matsuguni, baƙin haure daga Afirka da Asiya, tsofaffi da ɗalibai da ke haya a ƙananan ɗakunan can saman benaye, inda famfo ɗaya ne a baranda. Mutum yakan zo da sabulunsa da tawul ɗinsa, a ba shi ɗaki na minti 20.