Kuɗin Cizo Ya Bar Bango Ya Koma Rigar Katifa

Aikin feshin kuɗin cizo da muke yi yau a Mahuta da sauran ƙasar Zuru, asalinsa aikin duba-gari ne. Tun 1932 aka buɗe makarantar koyon tsafta a Kano, kuma daga irin waɗannan makarantu malaman tsafta suka riƙa fitowa suna leƙa randa da masai da makwararin ruwa. Kuɗin cizo bai cika shiga lissafinsu ba, don matan gida ke maganinsa. Gadon kara ne da tabarma, sai katifar audugar rimi a gidan mai hali. In ya yi yawa a fitar da gadon tsakar gida, a kwarara masa tafasasshen ruwa, a yaɓe tsagar bango. In abin ya faskara a ƙone karan a ɗaura sabo, tunda dawa ba ta yanke ba.

Sinadari ya shigo ne ta ƙofar yaƙi da sauro. A 1939 Paul Müller ya gano DDT na kashe ƙwari, har aka ba shi kyautar Nobel a 1948. A 1954 aka soma wani babban gwaji a yammacin lardin Sakkwato, kewayen Birnin Kebbi, ana feshe bangon ɗakuna da DDT da dieldrin da BHC don murƙushe zazzaɓin cizon sauro. Ba a je ko'ina ba, a 1955 aka tarar sauron Ambursa da ke yankin ya daina jin dieldrin, labarin da ya zaga duniyar masana. Kuɗin cizo ma bai tsaya kallo ba, domin tun 1947 aka ga wanda DDT ba ya kashewa a Hawai. Waɗanda suka koya mana aiki sun taso ne a kan wannan tsari na feshin bango: tanki a baya, a fara daga sama a sauko ƙasa, a bar ɗaki ya bushe. Gado kuwa a ɗan watsa masa a wuce.

Katifar soso ce ta rushe wannan tsari. Vitafoam ta kafu a 1962, wasu kamfanoni suka biyo baya, sannu a hankali kayan ɗakin amarya ba sa cika sai da katifa mai kauri. Ɗakuna suka koma siminti da fenti, tsagar bango ta ragu, ƙwaron ya sami sabon masauki a ɗinkin gefen katifa, da ƙarƙashin tambarin kamfani, da mahaɗar katakon gado. Sannan ga rigar katifa da tela ke ɗinkawa da ragowar atamfa ko yadi mai kauri, wata da zif, wata da igiya. Ga kuma ledar da katifa ke zuwa da ita daga shago, wadda mata da yawa ba sa yarda a cire don fitsarin yara. Da zarar ledar nan ta yage ko da tsawon ɗan yatsa ne, an gama. Ƙwaro ya shige, maganin feshi kuma sai dai ya gangare a kanta.

Shekarun da suka biyo baya su ne mafi muni a sana'ar nan, a ganina. Kowa ya zama mai feshi. An yi zamanin Gammalin 20, wanda ba don ɗakin kwana aka yi shi ba, har sinadarinsa ya shiga jerin haramtattu na yarjejeniyar Stockholm a 2009. Aka shiga zamanin fiya-fiya a kwalbar allura, sai Sniper, da NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwa a 2019. Har yau akwai mai jiƙa rigar katifa sharkaf da shi ya mayar, ya kwantar da jariri a kai. Mafi tsoro shi ne mai ɗauko ƙwayar da ake sa wa buhun wake ya jefa ƙarƙashin gado ya rufe ƙofa. Iskar da take fitarwa ba ta bambance ƙwaro da mutum. Dokar 2002 da ta kafa majalisar rajistar jami'an tsaftar muhalli ta zo da nufin tsaftace sana'ar, amma Abuja da nisa daga Mahuta.

Yanzu duk mai feshin da ya san aikinsa, maganar riga yake fara yi da uwargida kafin a yi cinikin kuɗi. Hajiya, a cire rigar a cikin ɗakin da take, a naɗe ta ciki-ciki, a zura a baƙar leda a ɗaure baki tun kafin a ƙetare ƙofa. Kada a karkaɗe ta a tsakar gida, don nan ne ake raba wa ɗakin kishiya da na yara. A juye ta kai tsaye cikin ruwan zafi, wanda ya kai digiri 60 ko ya fi, zafin da ke kashe ƙwaron da ƙwansa. Sabulu da ruwan sanyi wanki ne kawai. In ta bushe a bi ɗinkin da bakin zif da dutsen guga, a sa a sabuwar leda, ta zauna can. Zanen gado da rigar matashi da gidan sauro duk hanyarsu ke nan. Ledar shago kuwa a yage ta gaba ɗaya a ƙulle a fitar.

Katifar ita ce ake bari tsirara a inda take, a jingine ta da bango. Nan ake yawan gardama da ni, domin kowa ya yi imani da shanya, kuma ranar Zuru a watan Maris ba wasa ba ce. Sai dai soso mai kauri sama yake ɗaukar zafi, ƙwaron ya zagaya ƙasa inda ke da sanyi ya jira magariba. Ga jan katifa daga ɗaki zuwa waje yana zubar da su a hanya. Ina kuma roƙo kada a goge baƙaƙen ɗigon nan na kashinsu kafin na zo, su ke nuna mini inda zan sa ƙarfi.

Riga mai rufe katifa ruf, mai ƙaramin haƙorin zif, wadda ta yaɗu a Amurka da Turai bayan dawowar kuɗin cizo a farkon shekarun 2000, ta fara shigowa manyan biranenmu. Tana da amfani, amma bayan feshi ake sa ta, katifa ta bushe sarai. Ƙwan kuɗin cizo kan ƙyanƙyashe cikin kwana 6 zuwa 10, kuma yawancin magungunanmu ba sa kashe shi, shi ya sa ake komowa zagaye na biyu bayan kamar mako biyu. In an ja zif ɗin, sai a bar shi shekara cur, domin ƙwaron na iya yin watanni bai sha jini ba. Wanda ba shi da kuɗinta, nakan tura shi wajen tela da sharaɗi biyu: yadi fari mai santsi, don a ga duk abin da ya hau, kuma ɗinki ba tattara ba ado a gefe.