Likitan da bai da kuɗin zuwa taron da ya fito da sunansa

Idan kana karatun likita, ko ka fara samun horo a sashen ido, wataƙila ka taɓa ganin sanarwar taron ƙungiyar ARVO, wato taron masu binciken ido da gani da ake yi kowace shekara, yawanci a Amurka. Ka lissafa kuɗin jirgi da masauki da rajista da biza, ka tambayi kanka: anya tafiyar nan za ta biya wahalarta? To, wannan tambayar ta girmi ARVO kanta, kuma tarihin fannin yana da abin cewa a kai.

A shekarar 1857 Albrecht von Graefe, babban likitan ido na Jamus, ya tara 'yan abokan aikinsa a garin Heidelberg don su riƙa gaya wa juna abin da suka gano. Lokacin bai fi shekara bakwai ba da Helmholtz ya ƙera na'urar leƙa cikin ido, saboda haka kusan kullum akwai sabon abu. Zaman ya zama na shekara-shekara, daga cikinsa ne ƙungiyar likitocin ido ta Jamus ta fito.

Yanzu mu tsallaka zuwa 1884. A babban asibitin Biyana, ƙasar Ostiriya, akwai wani ƙaramin likita mai shekara 26, Carl Koller. A zamanin, tiyatar ido azaba ce. Idan aka sa wa mutum maganin barci irin na lokacin, sau da yawa yakan farka da amai, yunƙurin aman kuma na iya buɗe yankan da aka yi a ido. Don haka likitoci da dama sukan cire yanar ido mutum na farke, a danne shi kawai. Abokin aikin Koller, Sigmund Freud (e, shi dai wanda ka sani), yana nazarin sinadarin ganyen koka, wanda yau muke kira hodar iblis. An riga an san yana kashe harshe idan an ɗanɗana. Koller ne ya yi tunanin ɗiga ruwansa a ido. Ya fara da kwaɗo, ya koma kan zomo da kare, sannan ya gwada a idonsa. Aka taɓa ƙwayar idon da kan allura, bai ji komai ba.

Taron Heidelberg na shekarar ya zo a watan Satumba, Koller kuwa ba shi da kuɗin tafiya. Sai ya ba wani likita daga Trieste, Josef Brettauer, takardarsa. Ranar 15 ga Satumba, 1884, Brettauer ya karanta ta, aka kuma gwada maganin a idon wani majiyyaci mahalarta na kallo. Cikinsu akwai Henry Noyes daga New York, wanda ya rubuta wasiƙa gida, aka buga ta a watan Oktoba. Kafin shekarar ta ƙare, likitocin Amurka da Turai suna amfani da maganin, har William Halsted ya fara gwada shi a jijiyoyi don kashe sashen jiki (ya kuma kamu da jarabarsa, amma wannan wani labarin ne).

Ka ga, labarin nan kaifi biyu gare shi. Mai cewa tafiyar ba dole ba ce zai ce ai ga shi Koller bai je ba, sunansa kuma ya zagaye duniya. Gaskiya ne. Amma ni abin da na fi gani shi ne aikinsa ya je, kuma ya je ɗakin da ya dace. Mutanen da suka ga an taɓa ido majiyyaci bai motsa ba, su ne suka ɗauki labarin, abin da karatu a takarda kaɗai zai daɗe bai yi ba. Sai dai Koller bai samu muƙamin da yake nema a Biyana ba. A farkon 1885 ya yi faɗan takobi da wani likita da ya zage shi don shi Bayahude ne, ya bar garin, ya ƙara horo a Utrecht, a 1888 ya koma New York.

Kada kuma ka ɗauka taro kullum yana gane gaskiya idan ya gan ta. Harold Ridley, likitan ido a Landan, ya lura cewa ɓarɓashin robar tagar jirgin yaƙi da ya shiga idon matuƙa ba ya ta da kumburi sosai. An ce wani ɗalibin likita ne, yana kallon tiyatar yana, ya tambaye shi me ya sa ba a maye gurbin madubin idon da aka cire. Tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950 Ridley ya dasa madubin roba na farko a asibitin St Thomas. Ya kai aikin taron Oxford a 1951, ya kai Amurka a 1952, manyan fannin suka yi masa ca, ciki har da Stewart Duke-Elder. A yi musu adalci dai, madubin farko yana da nauyi, yana gocewa, ya kuma jawo matsala a idanu da yawa. Waɗanda suka riƙe aikin suka gyara shi ƙanana ne a lokacin, irin su Peter Choyce da Cornelius Binkhorst da Svyatoslav Fyodorov. A 1966 suka kafa 'yar ƙungiyarsu ta masu dasa madubi. Yau duk wanda aka cire wa yana a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko asibitin ido na ECWA a Kano, jikan wancan madubin ake sa masa. Ridley ɗin nan, af, ya yi aiki a arewacin Gana lokacin yaƙin duniya na biyu, ya rubuta bayani mai muhimmanci kan makantar kogi.

ARVO kuwa an kafa ta a 1928 a Washington da likitoci 73, ta ɗauki sunanta na yanzu a 1970, lokacin da masu binciken da ba likitoci ba suka yi yawa a cikinta. Yanzu dubban mutane ke halarta, kuma yawancin ayyukan a manne suke a allo, mai aikin na tsaye a gefe yana amsa tambaya. Ba a nan ake koyon riƙe wuƙar tiyata ba. Idan hannu kake son gyarawa, kuɗin ya fi amfani a kwas na horo.

Idan kuwa kana da bincike, ko ƙarami ne, misali alƙaluman masu hawan jinin ido a asibitinku, to lissafin ya canza. Awanni kaɗan a gaban allonka za su haɗa ka da mutanen da suka shekara ashirin a kan tambayarka, su nuna maka inda hanyarka ta yi rauni kafin mujalla ta dawo maka da takardar. Ana kuma buga taƙaitattun ayyukan da aka karɓa a mujallar ƙungiyar, IOVS. Ƙungiyar na ba ƙananan masu bincike tallafin tafiya, kuma ana nemansa ne tare da miƙa aikin, wajen ƙarshen shekarar da ta gabaci taron, don haka shirin na farawa watanni da dama kafin a yi maganar jirgi.

Wanda bai da aiki a hannu, shawarata ya fara da taron shekara na ƙungiyar likitocin ido ta Najeriya, ya ga yadda ake yi, ya samu wanda zai ja shi cikin bincike. Wanda yake da aiki amma biza ta hana, ya tambaya da wuri ko dokar taron ta yarda wani daga cikin abokan binciken ya gabatar a madadinsa, domin ba kowane taro ne ke yarda da irin abin da Brettauer ya yi wa Koller ba.