Tiga da Bagauda: Tarihin Nazarin Mutanen da Ruwa Ya Tasa

Matafiyin da ya taso daga Zariya zuwa Kano, idan ya iso Kwanar Dangora, inda hanyar Tudun Wada da Doguwa ta rabu da babban titi, to ya shigo ƙasar da ruwa ya raba jama'a da gidajensu har sau biyu cikin ƙasa da shekara 20. Na farko da gangan aka yi shi, bisa tsarin hukuma. Na biyu kuwa annoba ce ta faɗo ba shiri.

A zamanin Gwamna Audu Baƙo aka gina madatsar ruwa ta Bagauda a ƙasar Bebeji, aka kammala a 1970, sannan ta Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974. Tafkin Tiga ya mamaye murabba'in kilomita 178, ya ci ƙauyuka da gonaki da fadamu, aka tashi mutane fiye da 10,000. A ƙa'idar dokar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962, haka kuma ta tarayya ta 1978 da ta biyo baya, ƙasa a hannun hukuma take. Abin da akan biya diyya a kansa shi ne gini da itatuwa da amfanin gona. Saboda haka mai ƙididdiga yakan rubuta ɗaki da rumbu da ɗorawa, amma babu gurbin da zai sa fadamar da ke ciyar da gida da rani, balle maƙabartar kakanni, ko maƙwabcin da ake aron jaki wurinsa.

Irin wannan giɓi ne masu nazarin zaman al'umma suka shiga cikewa. Tina Wallace, wadda ta yi aiki a Jami'ar Ahmadu Bello, ta gudanar da bincikenta a wani gari na Shirin Noman Rani na Kogin Kano, wato filayen da ruwan Tiga ke shayarwa, rahotonta kuma ya fito a 1979. Maimakon ta tsaya ga alkaluman ofis, sai ta bi manoma ta tambaye su. Abin da ta gano bai yi wa masu tsara shirin daɗi ba: mai kuɗin taki da na ƙwadago shi ke cin moriya, ƙaramin manomi kuwa sau da yawa yakan ba da hayar gonarsa ko ya rabu da ita. Shekara guda bayan haka, a 1980, rikicin diyya a madatsar Bakolori ta tsohuwar Jihar Sakkwato ya kai ga 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta. Daga bisani Wallace ta koma aiki da Oxfam, tana nazarin yadda agaji ke bi ta hannaye da yawa kafin ya isa ga mabuƙata.

A watan Agustan 1988 aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya, madatsar Bagauda ta ɓalle. Rahotannin lokacin sun ƙiyasta cewa ambaliyar wannan damina ta hallaka mutum 146 a Kano da kewayenta, ta rushe gidaje 18,000. Akasarinsu ginin ƙasa ne, shi kuwa ginin ƙasa ta gindi yake mutuwa in ruwa ya kwanta masa.

Domin fahimtar abin da kan biyo bayan irin wannan masifa, ya kamata a leƙa Amurka. Ranar 26 ga Fabrairun 1972 madatsar wani kamfanin kwal ta fashe a Buffalo Creek, mutum 125 suka rasu, kimanin 4,000 suka rasa muhalli. Lauyoyin waɗanda suka tsira suka gayyaci Kai Erikson na Jami'ar Yale, ya zauna da mutanen yana sauraronsu. A littafinsa na 1976 ya nuna cewa gidajen wucin gadi da hukuma ta raba, ba tare da duba wa ke maƙwabtaka da wa ba, sun zame wa jama'a wata musiba ta biyu: kowa ya sami rufi, amma unguwa ta watse.

Wannan batu ya fi nauyi a ƙasar Hausa, inda gida ba aikin mutum ɗaya ba ne. Da aikin gayya ake kwaɓa ƙasa, a mulmula tubali, a ɗora azara, kuma katangar wannan ita ce bangon wancan. In an warwatsa unguwa, an warwatsa magina ke nan. Bugu da ƙari, ambaliya cikin damina take zuwa, alhali tubali ba ya bushewa sai da rani. Watannin da ke tsakani, magidanci da iyalinsa a zauren ɗan'uwa suke raɓewa, ko a ajin makarantar firamare, su jira kaka ta wuce kafin a soma haƙar ƙasa.