Baƙin da suka zauna: 'yan mishan, shakka da kututturan ƙasar Maraɗi

Wanda ya bar Maraɗi ya miƙi hanyar Dakoro, ya zarce ƙaramar hukumar Rumbu, wadda Sakabal ce cibiyarta, zai ga gonakin gero suna raguwa, garken dabbobi suna ƙaruwa. Nan ne yankin kwarin Tarka, inda dokar Nijar ta 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, ta bar abin da ke gaba ga makiyaya. Bahaushe manomi da Bafillace da Buzu, kowa na ratsa ƙofar wani. A irin wannan wuri saukar baƙo ba ado ba ne. Rijiya na da nisa, ga zurfi, kuma wanda ya hana matafiyi ruwa yau ya san gobe shi ne a kan hanya. Kafin a tambayi mutum sunansa, balle addininsa, an miƙo masa ruwa, in da hali har da fura.

Wannan ɗabi'a ce ta ɗauki nauyin Kiristanci a jihar Maraɗi, ko da yake littattafan mishan ba su cika ba ta haƙƙinta ba. Bisa ƙidayar 2012, Kiristoci a Nijar ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Duk inda mai bishara ya taɓa kafa bukka a wannan ƙasa, a filin wani ya kafa ta, da yardar sarkin da bai karɓi addininsa ba.

Labarin ya faro ne da asara. A watan Disamba na 1893 samari uku suka sauka Legas: Walter Gowans da Rowland Bingham daga Kanada, da Thomas Kent daga Amurka. Burinsu su kai bishara cikin ƙasar da Turawa ke kira Sudan a lokacin, wato har da ƙasar Hausa. Waɗanda suka riga su aikin mishan a Legas sun gaya musu ƙarara cewa ba za su kai labari ba. Shekara guda ba ta wuce da yawa ba sai maganar ta tabbata: Gowans ya rasu a Girku, kusa da Zariya, a 1894, Kent ya rasu a Bida a shekarar. Bingham, wanda zazzaɓin cizon sauro ya kwantar a Legas, ya koma gida shi kaɗai. Daga baya da kansa ya bayyana cewa bangaskiyarsa ta girgiza har tushe, yana tambayar me ya sa Allah zai kira mutum sannan ya bar shi ya mutu kafin ya buɗe baki. Ya sake gwadawa a 1900, ciwo ya sake kora shi. Sai a 1902 ƙungiyarsa, wadda duniya ta sani da SIM, ta sami wurin zama a Pategi, bakin kogin Kwara.

Ba a ga SIM a ƙasar Nijar ba sai 1924, a Damagaram. A 1927 ta buɗe tasha a Tsibirin Gobir, kusa da Maraɗi. Faransawa masu mulki ba su saki jiki da waɗannan masu jin Turancin Ingilishi ba, musamman zamanin gwamnatin Vishi a yaƙin duniya na biyu, don haka sau da yawa mutanen gari sun fi hukuma sauƙin kai gare su. Abin da ya taimake su shi ne harshe. Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya yi fice a cikinsa, sai ya zamana ana wa'azi da karatu da waƙa da bakin mutanen gari. Asibitin Galmi, a jihar Tawa, ya buɗe a 1950, na kutare a Danja ya biyo baya a 1956. Wajen samun 'yancin kai, masu bi 'yan ƙasa suka tsayar da ikilisiyarsu, wadda ake kira EERN. Duk da haka, wanda ya auna shekarun da aka kwashe da yawan waɗanda suka tuba, zai gane dalilin da ya sa shakka ba ta taɓa nisa da gidan mishan ba.

Mai son ganin yadda shakkar nan take a zuciyar mutum guda, ya dubi Tony Rinaudo. Masanin aikin gona ne daga Ostireliya, ya iso Maraɗi da matarsa a farkon shekarun 1980 a ƙarƙashin SIM. Ya tarar da ƙasa tsirara. Fari na shekarun 1970 da sassabe da neman itacen girki sun share gonaki, iska na binne shuka da rairayi har manomi ya yi ta maimaita shuka a damina guda. Aikinsa dashen itace ne: a reni 'yan itatuwa, a ɗora a mota, a kai ƙauye. Mafi yawansu suka mutu, wasu rana ta ƙone, wasu awaki suka cinye, wasu gara. Manoma ma ba su damu ba, kuma suna da hujja. A dokar wancan lokaci itace na hukuma ne, wanda ya sare na gonarsa ma'aikatan gandun daji na iya cin tararsa. Wa zai reni abin da zai jawo masa tara?

Wata rana a 1983, kamar yadda ya sha bayarwa, yana kan hanyar ƙauye da kayan dashe, ya tsaya rage iskar taya don motar ta iya ratsa rairayi. Ya duba gabas da yamma, ba itace. Ya ji cewa ko ya shekara nawa yana wannan aiki ba zai canja kome ba, har ya fara tambayar kansa ko zuwansa ma kuskure ne. Ya yi addu'a, ya roƙi gafara a kan yadda 'yan Adam suka ɓata halitta, ya roƙi a buɗe masa ido. Sai hankalinsa ya kai kan wani ɗan tsiro da ya saba wucewa yana ɗauka ciyawar daji ce. Da ya matsa ya dubi ganyen, ya gane itace ne, toho ne daga kututturen da aka sare, saiwarsa na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Irinsa kuwa ba iyaka a gonaki, kowace shekara ana sassabe su kafin shuka.

Hausawa na cewa baƙo ko da ido makaho ne, kuma a nan maganar ta yi daidai. Ya zo daga wata duniya ɗauke da itace, alhali dajin na kwance a gonar mai masaukinsa. Dabarar ba ta da tsada: a zaɓi toho mai ƙarfi ɗaya ko kaɗan a kan kututture, a datse sauran, a kare shi daga dabba da wuta. Sabara, kalgo, gawo, aduwa, magarya, duk suna tashi da sauri domin tsohuwar saiwa ke ciyar da su. Wasu manoma sun san hakan tun kaka da kakanni. Abin da ya ɓace shi ne dalilin yi.

Da fari dariya aka yi masa, har ana kiransa mahaukacin Bature. Sai ga yunwar 1984, wadda mutanen yankin suka laƙaba wa suna El-Buhari saboda rufe iyakar Najeriya da Buhari ya yi a lokacin. Mishan ta raba hatsi a ƙauyuka da sharaɗin a bar itatuwa a gona. Wannan sharaɗi yana da nauyi a zuciya, domin mai jin yunwa ba ya musu, kuma da aka sami sauƙi da yawa suka sare abin da suka rena. Amma waɗanda suka bar nasu suka ga itacen girki a kusa, ga abincin dabbobi, ga iska ta rage cin shuka. Daga nan aikin ya fita hannun mishan. Manomi ya gani a gonar maƙwabci ya kwaikwaya, akasarinsu Musulmi da ba su taɓa shiga majami'a ba. Rinaudo ya bar Nijar a 1999. Bayan 'yan shekaru, masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan suka gwada hotunan tauraron ɗan Adam da tsofaffin hotuna, suka ƙiyasta kadada miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. A 2018 aka ba shi lambar yabo ta Right Livelihood a Suwidin.

Masu wa'azi da Hausa na yawan kawo labarin Ibrahim da ya sauki baƙi uku a Mamre bai san ko su wane ne ba, da na Toma da ya ƙi yarda sai ya gani, kuma Almasihu bai kore shi ba. Sai dai akwai inda kalmar baƙo ke cutarwa. Kiristan Tsibiri ko Danja na yau ba daga jirgi ya sauko ba. Kakansa Bagobiri ne ko Bakatsine, a nan aka yanke cibiyarsa, a kasuwa ɗaya yake sayen hatsi da kowa. A ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, bayan zanen ɓatanci na wata jaridar Faransa da Kiristan nan ba shi da hannu a ciki, aka ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai, mutum goma suka rasu. A watan Yunin 2019 aka sake ƙona wata a unguwar Zariya ta Maraɗi. 'Yan mishan na da fasfo da ƙasar komawa, Kiristocin gida kuwa ba su da inda ya wuce nan. Shugabannin ikilisiya suka yi kira da a yafe, aka sake gina majami'un, kuma asibitin Galmi da na Danja suka ci gaba da karɓar marasa lafiya, waɗanda mafi yawansu Musulmi ne.