Daga Tokar Murhu zuwa Sabulun Kanti

Kafin sabulun kanti ya shigo ƙasar Hausa, murhu ne ke bai wa uwargida abin wanki. Takan tace toka da ruwa, ta dafa ruwan tokar da man kaɗanya ko kitse har ya yi kauri, ya zama sabulun salo. A 1884 William Lever ya fara sayar da sabulun Sunlight a Ingila, daga bisani kamfaninsa ya zama babban mai sayen manjan Afirka ta Yamma. Haka man yankin ya riƙa ƙetare teku, yana dawowa a matsayin sabulun da ake saye da kuɗi. Har yau ana neman sabulun salo a kasuwa, amma gidaje da yawa sun manta yadda ake dafa shi.