Legas: Wuraren da za ka ziyarta, da abin da ya faru a cikinsu

Legas, wadda Hausawan da suke kira Ikko, ita ce babban birnin Najeriya har zuwa 12 ga Disamba 1991, lokacin da gwamnati ta koma Abuja. Baƙon da ya sauka da kwana biyu ko uku a hannunsa zai iya karanta tarihin siyasar ƙasar nan a titunanta.

Fara da tsibirin Legas. A dandalin Tafawa Ɓalewa, tsohon filin sukuwa, aka sauke tutar Birtaniya aka ɗaga ta Najeriya ranar 1 ga Oktoba 1960. Kusa da nan, a Onikan, akwai gidan tarihi na ƙasa da aka buɗe a 1957, inda aka adana motar Marsandi da aka harbe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976. Ramukan harsasan suna nan a jikinta. A titin Broad kuma, tsohon kurkukun Turawan mulkin mallaka, wanda aka taɓa tsare Obafemi Awolowo a ciki, shi ne aka mayar wurin shaƙatawa na Freedom Park a 2010.

Obalende, unguwar da ke maƙwabtaka, tana da tsohuwar alaƙa da Arewa. A 1863 Laftanar John Glover ya kafa a Legas wata rundunar Hausawa wadda ake ɗauka ita ce tushen sojan Najeriya, kuma a Obalende sojojin Hausawa suka yi zango. Har yau sunanta bai rabu da tsire ba.

Mai son kiɗa da gwagwarmaya sai ya nufi Ikeja, inda gidan Fela Kuti, wanda ya rasu a 1997, ya zama gidan tarihin Kalakuta. A Lekki akwai gandun daji da aka kafa a 1990, mai gadar igiya a saman itatuwa wadda tsawonta ya kai mita 401. A Badagry kuwa ana tsallakawa da kwalekwale zuwa Gberefu, inda aka riƙa loda bayi a jiragen ruwa.

Sai dai bakin tekun kansa yana ta ƙurewa talaka. Bar Beach, inda kowa ke zuwa shan iska a da, an cike shi da yashi an gina Eko Atlantic a kansa. A Janairun 2020 sojojin ruwa suka tashi mazauna Tarkwa Bay. A 2024 aka rushe gine-ginen Landmark Beach domin titin gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba. Idan ka hau gadar Third Mainland, mai tsawon kilomita 11.8, ka dubi ƙasa: gidajen katako da ke tsaye a kan ruwa su ne Makoko, inda aka yi rusau a Yulin 2012.

Shiga mafi yawan wuraren shaƙatawa na bakin teku yanzu sai da kuɗi. Ka fita da sassafe domin kauce wa cunkoso, jirgin ƙasa daga Marina zuwa Mile 2 zai rage maka hanya. In za ka Makoko, ka nemi ɗan unguwa ya raka ka, kuma kada ka ɗauki hoton kowa sai da izininsa.