Alhaji Muhammadu Inuwa Wada, Magajin Garin Kano

Alhaji Muhammadu Inuwa Wada (1917–2015) ɗan siyasa ne, minista a Jamhuriya ta Farko, kuma ya riƙe sarautar Magajin Garin Kano. Yana cikin mutanen da suka taso a hidimar En'e, suka wakilci Arewa a majalisar Ikko, daga baya suka dawo hidimar masarauta.

A birnin Kano aka haife shi, a gidan malamai da alƙalai. Bayan ya gama karatun boko ya koyar a makarantar Midil ta Kano, sannan ya koma aikin En'e. A 1951 aka zaɓe shi ɗan Majalisar Dokokin Jihar Arewa a Kaduna, daga can kuma ya wuce Majalisar Wakilai ta ƙasa a ƙarƙashin jam'iyyar NPC.

Shekarar 1953 ce ta fito da sunansa fili. A watan Maris Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1956. Wakilan Arewa suka ce da sauran lokaci, aka yi musu ihu a titunan Ikko. Da aka ji Samuel Akintola zai kawo rangadin jam'iyyar AG Kano a watan Mayu, Inuwa Wada na cikin jagororin NPC da suka tara jama'a don nuna ƙin amincewa. Rikicin da ya biyo baya ya ci rayuka, aka kuma soki jawabinsa da cewa ya ƙara wa wutar fetur. Wannan tarzoma na cikin dalilan da suka kai ga tsarin tarayya na 1954.

Ya daɗe yana Ministan Ayyuka da Safiyo a gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Da Ministan Tsaro Muhammadu Ribaɗu ya rasu a watan Mayun 1965, aka miƙa wa Inuwa Wada Ma'aikatar Tsaro, yana kanta har juyin mulkin 15 ga Janairun 1966, wanda ya ci Firayim Minista Tafawa Ɓalewa da Sardauna, Firimiyan Arewa. Inuwa Wada kuwa Allah ya kuɓutar da shi, ya dawo Kano ya kama kasuwanci. Dangi ne na kusa ga Janar Murtala Muhammad.

Ya rasu a watan Nuwamban 2015, yana cikin ministocin Tafawa Ɓalewa ƙalilan da suka rage a lokacin.